Dunduniya Ma Katanga Ce, Tana Son Yaɓe

A gidan da na tashi, gidan ƙasa mai zaure da soro biyu, abu biyu ne ke ba mu labarin shigowar hunturu: katangar bayan ɗakin kakanmu da dunduniyar Inna. Kusan a mako ɗaya suke fara tsagewa. Da iska ta juya a ƙarshen Nuwamba, hazo ya lulluɓe gari, sai a ga wani siririn layi ya bi jikin bango kamar an ja zare. Da daddare kuwa, in Inna ta miƙe ƙafa a tabarma tana yi mini tsifa, sai in ji kaushinta yana kartar kaba. Kafin Janairu kaushin ya zama faso. Da asuba in za ta sauko daga gado ta ɗora ruwan zafi, takan ɗan dakata, ta cije leɓe, sannan ta taka da yatsu kamar mai tsallake ƙaya. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba, don a ganinmu haka ƙafar uwa take.

Bango kuwa ba a bar shi haka. Kakanmu ba ya yarda tsaga ta daɗe a jikin gininsa, nan da nan zai aika a kira magini. Wani dattijo ne mai farar ƙasumba, kuma ni na fi kowa son tsugunawa kusa da shi in ga aikinsa. Ba ya fara taɓa ƙasar da ya kwaɓa. Sai ya ɗebi ruwa a ƙoƙo ya yayyafa wa wurin, ya koma gefe ya ci goro, ya dawo ya ƙara. In bangon ya sha ya yi duhu, sai ya sa hannu ya kankare ɓawon da ya riga ya saki, wanda ya saki kaɗai, ba ya haƙa. Daga nan ya cusa kwaɓi cikin tsagar da babban yatsa, ya lailaye, ya bi da makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa don ruwa ya riƙa zamewa.

Wata rana na ce masa, “Baba, ba ruwa ne ke cin bango ba? Me ya sa kake zuba masa?”

Ya ce, “’Yan mata, busasshen bango ba ya karɓar yaɓe. In kika manna masa ƙasa a bushe, gobe a ƙasa za ki tsince ta. Sai ya sha ya yi laushi, ki cire mataccen, ki cike, ki rufe shi tun da sauran danshi.”

Shekaru da dama bayan nan wata ma’aikaciyar jinya ta zayyana mini yadda ake kula da faso, sai na ji ashe karatun maginin nan ne take biya mini, ba ragi ba ƙari.

Masana fata ma da gini suke kwatanta ɓawon fata na waje. Matattun ƙwayoyin fata ne jere kamar tubali, da wani irin maiƙo a tsakaninsu kamar kwaɓin da ke riƙe tubalin, kuma maiƙon nan shi ke hana ruwan jiki ƙafewa. Tafin ƙafa yana da nasa hali dabam. Fatarsa ta fi ta ko’ina kauri, tana cike da ƙofofin gumi, amma ba ta da ƙananan jakunkunan maiƙo irin waɗanda ke sa goshi da hanci ƙyalli. Katanga ce mai kauri da ba ta da mai shafa mata makuba daga ciki, sai abin da aka kawo mata daga waje. A ƙarƙashin dunduniya kuma akwai wani matashi na kitse, wanda yake bajewa gefe duk lokacin da aka taka. Fata mai laushi tana bin sa, ta miƙe, ta dawo. Wadda ta bushe ta yi kauri ba ta iya miƙewa, sai ta dare. Ɗauki dunƙulen fura da ya kwana a buɗe ka danna tsakiyarsa da yatsa, za ka ga ta gefe yake tsattsagewa. Shi ya sa faso ke zagaye bakin dunduniya, kuma shi ya sa ya fi kama mai jiki, da mai juna biyu, da mai wuni a tsaye kan siminti, irin su mai tuyar ƙosai da mai shayi da malamin firamare.

Sai kuma hunturu ya zo ya ƙarasa aikin. Iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas ta ratso Sahara ne, ba ta ɗauke da ɗigon danshi, kuma yawancin ƙurar da take zubo mana daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take, wanda shi kansa gindin wani tsohon tafki ne da ya ƙafe. A Kano ko Zinder, danshin iska da kan haura kashi 70 cikin 100 a watan Agusta yakan sauko ƙasa da kashi 20 da rana a Janairu da Fabrairu. Iskar da ke busar da shanya kafin a gama wankin kwanuka, ta sa ganga ta ɗaure, ta lanƙwasa murfin littafi, ita ce ke wuni tana lasar dunduniyar da ke cikin silifas.

A nan ne yawancinmu muke kuskure, kuma kuskuren na ƙauna ne. Mun ga ƙafa ta bushe, sai mu lafta mata mai. A shekarar 1952 wani masanin fata a Amurka, Irvin Blank, ya yi gwaji da gutsattsarin busasshen kaushi. Wanda ya jiƙa a cikin mai ya daɗe a ciki bai yi laushi ba, wanda ya sha ruwa kuwa ya lanƙwasu. Ya kuma nuna cewa in ruwan da ke cikin ɓawon fata ya sauko ƙasa da kamar kashi 10 cikin 100, sai ɓawon ya riƙa karyewa. Ruwa ne ke tausasa fata. Mai murfi ne, aikinsa ya tsare ruwan kada ya gudu. Wanda ya shafa basilin a busasshiyar dunduniya mai ƙura ya rufe tulun da babu ruwa a ciki, ya kuma tanadi abin da ƙasar hanya za ta manne wa.

Don haka da ruwa ake farawa, kuma dare ya fi, bayan isha’i, lokacin da tafiya ta ƙare. A samu roba ko daro, a zuba ruwa mai ɗumi, ɗumin da za a yi wa jariri wanka da shi. Na san daɗin ruwa mai tururi a daren muku-muku, amma kowace mace ta san da ruwan zafi ake cire maiƙo a kwano, kuma haka yake wanke ɗan maiƙon da ya rage a fata. A tsoma ƙafa minti 10 zuwa 15, ya isa. In aka zarce har yatsu suka yamushe, an koma ruwan da ke cin bango. Sabulu kaɗan, mai sauƙi. Omo da sabulun wanki ba su da hurumi a nan.

Sannan dutsen goge kaushi. A nan nakan tuna ƙanzo. Yarinyar da ba ta iya aiki ba takan ɗauki cokali ta hau kankarar busasshen ƙanzo da ƙarfi, ta gaji, ta karce tukunya, wani lokaci har ta huda ta. Wadda ta iya kuwa ruwa take zubawa ta tafi sabgarta, in ta dawo da hannu ma sai ya saɓule. Kaushin da ya jiƙu yana fita da kansa a ƙarƙashin dutse, fari-fari kamar dusa. A goga a hankali, a cire abin da ya saki, a tsaya tun ba a ji zafi ba. Sau biyu ko uku a mako ya wadatar. Kada a manta kaushi kariya ce da jiki ya gina wa kansa saboda guga da nauyi. In aka kwashe shi duka rana ɗaya, jiki zai ɗauka hari aka kawo masa, ya sake gina wanda ya fi na da kauri. Dutsen kuma a wanke shi a shanya, kowa da nasa in da hali.

Sai a tsane ƙafar da tsumma mai tsabta, a bushe tsakanin yatsu sosai, amma dunduniya a bar ta da ɗan danshinta. Tun ran gini, tun ran zane: a cikin ’yan mintocin nan ake shafa mai, ba sai an je an kashe fitila an dawo ba. Man kaɗanya na gaske, wanda matan karkara ke kirɓawa su dafa su tace, yana da kyau ƙwarai. Basilin ya fi kowa iya tsare ruwa, ga shi da araha. Man alayyadi ma yana yi. A cika tsagar da shi da babban yatsa kamar yadda maginin nan ke cusa kwaɓi, a shafe gefe da gefe, amma kada a tura tsakanin yatsu, don wurin ba ya son laima, nan ƙaiƙayi ke farawa. Daga nan a sa safa ta auduga a kwana da ita. Safar ita ke hana man ƙarewa a jikin bargo.

In kaushin ya yi kaurin da man gida bai ratsa shi, akwai man shafawa a kantin magani mai ɗauke da sinadarin yuriya, kashi 10 zuwa 25 cikin 100. Shi yana jawo ruwa cikin fata, yana kuma sassauta mataccen ɓawo. Manomi zai ji sunan ya tuna takin zamani, kuma sinadarin ɗaya ne, amma na buhu ba a tace shi don jikin mutum ba, kada a kusanto da shi. A shafa mai yuriya tukuna, a bi da basilin a kai. A buɗaɗɗiyar tsaga yakan yi raɗaɗi, don haka a bari ta fara haɗewa. Kuma a yi haƙuri da aikin. Fata tana ɗaukar kusan mako huɗu kafin sabuwa ta maye tsohuwa, ta tafin ƙafa ma takan fi haka. Za a ji sauƙin taku cikin ’yan kwanaki, amma wanda ya daina a ranar da zafi ya tafi zai ga tsagar ta dawo a inda take.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne magungunan gaggawa. Na sha ganin mutum zaune a bakin ƙofa da reza yana fere dunduniyarsa kamar mai fere rogo. Reza ba ta san inda mataccen ɓawo ya ƙare ba, kuma ƙafa ita ce gaɓar da ta fi kusa da datti. Na ga masu ɗiga baƙin man inji da aka juye daga mota, na ga masu narka kyandir da kananzir su tsiyaya a cikin tsaga da zafinsa. Ba na raina masu yin haka, zafi ne ya kai su, kuma a ransu sun gano gaskiya guda, cewa tsaga tana son a toshe ta. Amma baƙin mai cike yake da dattin ƙarfe da guba, kananzir kuwa narka maiƙon fata yake yi, ya bar ta a bushe fiye da da. Magini ba ya toshe tsagar bango da abin da zai ci tubalin. Tsagar da ta yi zurfi har tana jini, a wanke ta da ruwa mai tsabta, a sa basilin, a haɗa bakinta da filasta, a rage tafiya kwana biyu.

Lalle kuma ado ne, yana rufe munin kaushi, yana sanyaya ƙafa, ba ni da faɗa da shi. Sai dai bayan an wanke shi fata takan bushe, don haka ranar ƙunshi ranar ƙarin mai ce.

Da rana ma akwai abin lura, kuma mafi girmansa alwala. Sau biyar muke jiƙa ƙafa, sau biyar iska ke busar da ita, kuma duk ruwan da ya tashi daga fata yakan tafi da na cikinta. Dubi bakin kududdufi inda ruwa ke zuwa yana janyewa, nan ne laka ta fi tsattsagewa. Maganin ba wuya: ɗan tsumma a aljihu ko a jaka, a tsane ƙafa bayan alwala, a ɗan shafa mai kaɗan, a bar lafta mai kauri sai dare. Dattawan da ke sa huffi a lokacin sanyi sun san abin da suke yi. Mai wanki kuma ta ɗaga ƙafarta daga inda ruwan kumfa ke gangarowa, ko ta ɗauraye ta da zarar ta gama. Sai takalmi. Silifas ba shi da bango a baya, don haka dunduniya na bajewa yadda ta ga dama, ga duka da yake yi mata a kowane taku, ga ƙura. Takalmi mai rufaffen baya da safa, ko da na wata ukun nan ne kawai, yana yin rabin aikin.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙafa, ƙadangaren ƙwayoyin cuta ne. In gefen tsaga ya yi ja ko ya yi duhu, ya kumbura, ya ɗau zafi, ko ya fara ruwa ko wari, aikin ya wuce na daro da basilin, sai asibiti. Haka in an yi makonni ana kulawa babu canji, domin wani kaushin ba na hunturu ba ne. Akwai wanda ƙwayar cutar fata irin ta makero ke kawowa, mai sa tafin ƙafa ya yi fari yana ɓarewa, akwai na cututtukan fata masu daɗewa, akwai kuma na raunin maƙoƙon wuya da ke busar da jiki duka. Kowanne da maganinsa.

Amma wanda nake roƙo a fi sa wa ido shi ne mai ciwon suga. Ciwon yana lalata jijiyoyin ƙafa a hankali, ya rage gumi har fata ta bushe, ya rage jin zafi, ya kuma rage gudun jinin da ke warkar da rauni. Baffana ya yi shekaru da ciwon. Wani hunturu faso ya kama shi, ya ce mana ai nasa mai sauƙi ne, ko zafi ba ya yi. Mu ma muka ji daɗi. Matarsa ce ta ga tabo a safarsa ranar wanki, da aka duba tsagar ta riga ta zama gyambo. Ya yi kusan wata biyu a gadon asibiti, Allah ya taimaka ba a kai ga yanka ba, amma a ɗakin da ya kwanta akwai waɗanda aka kai. Rashin zafin da muka yi murna da shi, shi ne alamar haɗarin. Mai suga kada ya daɗe da ƙafa cikin ruwa, kada ya gwada ɗumin ruwa da ƙafa sai da gwiwar hannu, kada ya kusanci reza, dutsen ma sai da shawarar likita. Kada ya yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, kada ya kanga ƙafa a bakin garwashi. Kullum ya duba tafin ƙafarsa da madubi, in ido ko baya ba su bari, ɗa ko jika ya duba masa. Tsaga komai ƙanƙantarta a nuna wa ma’aikacin lafiya a makon, ba sai ta girma ba.

Akwai kuma gorin da ake yi wa mai faso, a ce ƙazami ne ko baƙauye. Wannan yana ɓata mini rai. Ƙafafun da suka fi tsagewa su ne na ɗan ga-ruwa da ke wuni cikin jiƙa da bushewa, da manomin rani a fadama, da matar da ke tashi kafin kowa, da almajirin da ke taka sanyin asuba da silifas wari da wari. Duba dunduniyar yaron da ya zo ƙofarki da kwano a watan Janairu, za ki ga wata tsagar har da busasshen jini. Ragowar basilin da tsohuwar safar yaranki, a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne, in kuma aka nuna masa ya fara wanke ƙafar kafin ya shafa, an ba shi abin da zai koya wa ’yan uwansa a makaranta.

Gidanmu na ƙasa an rushe shi an yi na bulo, maginin nan ma ya daɗe da rasuwa. Inna tana nan, ta tsufa, ba ta iya sunkuyawa ta kai hannu dunduniyarta. Hunturun bara da na je, na ɗora ruwa bayan isha’i na kawo daro gabanta. Ta janye ƙafa ta ce, “Ke, bar shi mana, ƙafar tsohuwa me za a gyara a ciki?” Na ce, “Inna, ki dai ba ni aron ta minti goma.” Ta tsoma. Na ɗora ƙafar a cinyata ina gogawa, sai na ga ashe ban taɓa kallon ta da kyau ba: tsaga huɗu a dama, uku a hagu, ɗaya mai zurfin da ƙwayar gero za ta ɓuya a ciki. Na cike su da man kaɗanya ɗaya bayan ɗaya, na sa mata safa, tana ta sa mini albarka ƙasa-ƙasa. Haka muka yi dare tara. A asuba ta goma ina kwance na ji ta sauko daga gado ba tare da ta dakata ba, na ji takunta cikakke har bakin murhu. Da zan koma ta ce in bar mata kwalbar man a gefen gado, kusa da carbinta, in kuma nuna wa jikarta yadda ake riƙe dutsen.